Yadda Baffa Sha-Yanzu Ya Sabunta Shafin Gidan Wanki

Ba a taɓa kawo wa Sha-Yanzu matsala ya ce bai sani ba. Sunan ma a nan ya samo shi. Ko fanka ce ta tsaya, ko rediyo ya shaƙe, kafin mai abin ya rufe baki zai ce, "Wannan ai sha yanzu ne, magani yanzu." Fankar kuwa takan tashi, sai dai ta baya take juyawa, shi kuma ya ce sabon salo ne.

Yayansa ke da gidan wanki da guga a bakin titi, kowa Maigida yake ce masa. Injinan wanki suna ciki, teburan guga a baya, ga mota guda mai kai kaya gida-gida. Shi Sha-Yanzu yana da tebur a ofis kusa da taga, da muƙamin da ya raɗa wa kansa: Shugaban Sashen Fasaha. Sashen daga shi sai kujera.

Gidan wankin yana da shafi a intanet. Auta ce ta gina shi, 'yar Maigida, wadda ta karanci harkar kwamfuta har ta zama sana'arta. Mutum ya shiga ya ce a zo a ɗauki wanki, a ba shi ranar karɓa, in kaya sun bushe saƙo ya shigo wayarsa, Direba kuma ya duba tasa wayar ya ga ƙullin wane za a kai gidan wane. Shekara da shekaru shafin na aiki, ba wanda ya ma tuna da shi.

Da haihuwa ta matso, Auta ta zo sallama. Ta tsaya a ƙofar ofis tana dafe da ƙugu.

"Baffa, don girman Allah kada ka taɓa komai. In wani abu ya faru, kira ni kawai."

"Ke je ki haihu lafiya. Tun kina rarrafe nake kwance rediyo."

"Shi ya sa na ce, Baffa."

Ba a daɗe ba Maigida ya sanar cewa ranar Asabar zai buɗe sabon reshe, kuma duk masu kawo wanki an gayyace su. A ranar da aka yi sanarwar ne Sha-Yanzu ya buɗe kwamfutar ofis ya ga ɗan rubutu a kusurwa: ginshiƙin da aka gina shafin a kansa ya fito da sabon zubi. Ya karanta, ya sake karantawa, ya miƙe ya tafi wurin yayansa.

"Yaya, ka san a kan tsohon ginshiƙi muke zaune?"

Maigida ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗaki.

"Ba na gini ba, na shafi. Zan sabunta shi. Ranar Asabar a kafa majigi, in nuna wa jama'a abin da ba su taɓa gani ba."

"Wanda muke da shi ya lalace ne?"

"Bai lalace ba. Abin kunyar ke nan. Ya tsufa bai ko lalace ba."

Maigida yana fama da masu rumfa da masu kujeru, ya ce, "Kai dai ka yi a hankali." Sha-Yanzu ya ɗauki wannan a matsayin izini.

Shafi irin wannan ba dunƙule guda ba ne. Akwai ginshiƙi, babbar manhajar da aka ɗora komai a kai, sannan akwai ƙananan kayan haɗi da take jingina da su: wannan na kwanan wata, wancan na tura saƙo, wani na haɗa suna da adireshi. Kowanne akwai zubin da ya dace da ɗan'uwansa, in an canja ginshiƙi sai an bi su ɗaya-ɗaya da lalama, kuma a gwada a gefe kafin a taɓa shafin da jama'a ke amfani da shi. Auta ta taɓa yi wa Baffanta wannan bayani tiryan-tiryan. Lokacin yana amsa waya.

Ya naɗe hannun riga, ya danna sabuntawa a kan shafin da ke aiki. Rubutu ya yi ta gudu a allo kamar tururuwa, can ya tsaya. Layi ja ya fito: ba a sami abin haɗin kwanan wata ba.

Mai Guga, wata dattijuwa da ta fi kowa daɗewa a gidan, ta shigo ɗiban ruwan sha. Ta leƙa.

"Me yake cewa?"

"Gaisuwa yake."

"Da jan rubutu?"

"Sabon zubi ne, Inna. Haka suke gaisuwa yanzu."

Ya sauko da abin haɗin kwanan wata, wanda ya fi kowanne sabunta. Shi kuma ya ce ba zai zauna ba sai da wani ƙaninsa. Ya sauko da ƙanin. Ƙanin ya ce shi da ginshiƙin nan ba sa ga maciji, sai dai a kawo tsohon zubi. Ya kawo tsohon, sai na farkon ya yi yaji. Layin ja guda ya haifi 'ya'ya har suka cika allo.

"Dangi ne suka zo gaisuwar?" in ji Mai Guga.

"Inna, dutsen gugarki zai huce."

Ya shiga intanet neman shawara, ya tarar da wani bawan Allah ya rubuta cewa in abu ya ƙi, a tilasta masa. Wannan ta yi wa Sha-Yanzu daɗi, don dama ra'ayinsa ke nan game da yawancin abubuwa. Ya tilasta. Ja ya ragu, amma na kwanan wata yana nan daram. Ya zura masa ido, sai dabara ta faɗo masa. Ya nemo layin da ke kiran abin haɗin, ya goge shi.

Jan rubutu ya ɓace. Shafi ya tashi.

Ya jingina da kujera ya ce da taga, "Mai ƙorafi ake cirewa, ƙorafi ya mutu."

Washegari da hantsi Hedimasta ya iso. Ya daɗe da yin ritaya, amma har yanzu in ya shigo wuri sai mutane su gyara tsayuwa. Ya ajiye wayarsa a kan teburin Sha-Yanzu.

"Na kawo kwat ɗina jiya saboda taron Asabar. Karanta mini ranar da aka ce in karɓa."

Sha-Yanzu ya karanta. "Ɗaya ga Janairu, alif ɗari tara da saba'in."

"A wannan shekarar ko gajeren wando na kaina ban mallaka ba."

"To ranka ya daɗe, ka ga saurin sabon tsarin ke nan. Tun kafin ka kawo an gama."

"Madalla. Ba ni kwat ɗin."

"Tana cikin inji."

Hedimasta ya dube shi irin kallon da ya shekara talatin yana yi wa masu makara, ya ɗauki wayarsa ya fita.

Da rana sai wani ja ya sake fitowa: ba a sami abin haɗin tura saƙo ba. Wannan ba ya goguwa, don Maigida zai lura in saƙo ya daina fita. Sha-Yanzu ya nemo sunan a intanet, ya ga guda biyu masu kama da juna kamar tagwaye. Ya zaɓi wanda hotonsa ya fi kyau. Bai karanta bayanin da ke ƙasa ba, inda aka ce wannan na masu shela ne, saƙo guda yake rabawa duk wanda ke cikin rumbu.

Saƙon farko da ya fita na wani mutum ne guda, Mai Guga ce ta sa a rubuta masa: "Tabon da ke bayan wandonka ya ƙi fita, sai haƙuri."

Shagon Mai Aski yana jikin gidan wankin. Wayoyin duk waɗanda ke zaune a benci suka yi ƙara lokaci guda. Kowa ya karanta. Sai aka ga mutane suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na murɗa wuya yana leƙen bayansa. Wanda ake yi wa aski ma ya tashi da rabin kai.

Mai Aski ya leƙo ta tagar ofis da almakashi a hannu.

"Shugaban Fasaha, wandon wa ake nufi?"

"Sirrin abokin ciniki ne."

"Sirrin da ya shigo wayar kakata?"

"Kakarka tana kawo wanki?"

"Tana kawowa. Amma ba ta sa wando."

Kafin la'asar unguwa ta san rigar barcin wani ta bushe, an tsinci cingam a aljihun wani, zanin gadon wani kuma sai an sake wankewa. Mahauci, ƙaton mutum mai shago a ƙarshen layi, ya aiko a tambaya wace rigar barci ce tasa, don shi a iya saninsa da singileti yake kwana.

Da Sha-Yanzu ya koma gida, matarsa ta ajiye masa abinci ta zauna tana duba waya.

"Ka ji, an ce siket ɗina ya shirya. An ce rawanina ya shirya. An ce rigar likitata ta shirya. Yaushe na zama likita ban sani ba?"

"Gwaji muke yi."

"A kan mutane?"

"To a kan wa za a yi? Awaki ba sa kawo wanki."

"Ka kira Auta."

"Mai jego? Haba. Ai rashin imani ne."

"Rashin imani shi ne a ce wa liman ɗan kunnensa ya faɗo a inji."

Ya ce miyar ta yi gishiri. Ta ce gwaji take yi.

Ranar Juma'a Maigida ya shigo ofis da kansa, wayarsa na ta ƙara a aljihu.

"Kai, me ke faruwa ne? Tun asuba ake kira na."

"Yaya, sabon takalmi ai sai ya ɗan ciji ƙafa."

"Wannan ba cizo ba ne, ƙafar yake ci. Gobe taro. Kowa ya kawo kayan fitarsa. A kai wa kowa nasa yau, ka ji ko?"

"Sha yanzu ne."

Maigida na fita, allo ya sake yin ja. Wannan karon abin da ke haɗa suna da adireshi ne ya ɓata. Sha-Yanzu bai ko tsaya nema ba, hannunsa ya riga ya saba. Ya goge layin. Sunaye suka tsaya a jerensu, adireshi suka tsaya a nasu, sai dai ba abin da ke riƙe da hannun wani. Kowane suna ya kama gidan da ya tarar a gabansa.

Direba mutum ne da ba ya gardama da waya. Ya loda ƙulle-ƙulle a mota, ya duba wayar, ya sake dubawa.

"Shugaba, waya ta ce Hedimasta a mahauta yake zaune."

"Ƙila ya tashi."

"Ta ce Likitan Haƙori kuma yana gidan Mai Aski."

"Kai direba ne ko mai unguwa? Ina ruwanka da inda mutane suka koma?"

Direba ya ce, "Ni dai inda waya ta ce," ya tayar da mota. Ya raba kaya tsaf, bai bar ƙulli ko guda ba.

Safiyar Asabar Sha-Yanzu ya riga kowa zuwa sabon reshen. An kafa rumfa, an jera kujeru, an rataya farin ƙyalle don majigi. Ya buɗe kwamfuta don dubawar ƙarshe, ya tarar ja ya dawo, har ya fi na da. Duk layin da ya goge ashe akwai wasu da ke jingine da shi, su ma yanzu kuka suke. Ya gyara zama. Wannan ya ce bai ga wane ba, ya goge shi. Wancan ya ce to ni ma ban ga wanda ka goge ba, ya goge shi. Haka ya yi ta bi kamar mai cire ciyawa, har allo ya yi tsit. Ko ɗigon ja babu. Ya rufe kwamfutar a hankali, ya je ya sa hularsa ta fita.

Jama'a suka fara isowa. Yawancinsu da ƙulli a hammata, fuska ba walwala. Likitan Haƙori ya zo da kayan gida, yana riƙe da tawul ɗin aski guda-guda har dami. Matar wani ta zo da wandunan da ta ce ko mijinta da ƙaninsa suka shiga ƙafa guda sai an rage. Hedimasta ya zo da tsohuwar riga, ya zauna a layin gaba, ya ɗora wata rigar aiki mai ƙarnin nama a kan gwiwa, a ninke.

Sai ga Mahauci.

Ya shigo cikin kwat ruwan toka, maɓalli guda ya samu ya shiga, shi ma da ƙyar yake riƙe. Hannun kwat ɗin ya tsaya masa a gwiwar hannu. Yana tafe yana gaisawa da mutane, kafaɗa a ɗage don ba ta saukuwa.

Hedimasta ya miƙe.

"Malam, wannan kwat ɗin fa?"

"Ta yi kyau ko? Jiya aka kawo mini. Na ce kai, Maigida ya kyauta, buɗe reshe har da rabon kaya."

"Tawa ce."

"Taka? Ai da sunana... a'a, da adireshina aka kawo."

"Cire."

"Ranka ya daɗe, tun safe nake ƙoƙari. Shiga ta yi, fita ta ƙi."

Aka taru ana ja. Mai Aski ya kama hannun dama, Direba ya kama na hagu, Mahauci ya riƙe numfashi. Kwat ta fita, amma gida biyu ta fita. Mai Aski ya miƙa wa Hedimasta rabinsa, Direba ya miƙa nasa. Hedimasta ya karɓa, ya haɗa su, ya ninke, ya koma ya zauna.

Maigida ya ga in bai yi sauri ba taro zai zama kotu. Ya karɓi abin magana ya ce a yi haƙuri, za a warware komai, amma ga ƙaninsa zai nuna sabon shafi, wanda aka ce shi ne maganin duk wannan.

Sha-Yanzu ya hau gaba. Ya gyara hula, ya ƙwanƙwasa abin magana.

"Jama'a, kwanakin nan kun ɗan ji motsi. Haka gini yake, sai an sha ƙura kafin a sha inuwa. Na tarar da shafin nan cike da kayan jingina, wannan ya jingina da wancan, wancan ya jingina da wani, kamar 'yan zaman kashe wando. Na ce ba a gidanmu ba. Yau shafinmu ya tsaya da ƙafarsa. A kunna."

Aka kunna majigi. Ya danna.

Farin ƙyalle ya yi haske. Aka jira. Ƙyallen ya ci gaba da zama fari.

"An kunna kuwa?" wani ya tambaya daga baya.

"An kunna," in ji Sha-Yanzu. "Shi ne wannan."

"Ina yake?"

"Ku duba da kyau. Akwai wanda ya ga jan rubutu a nan? Akwai kuskure ko guda?"

Mai Guga ta ce daga inda take zaune, "Gaskiya ya wanku."

"A ina zan danna in ce a zo a ɗauki wanki?" in ji Likitan Haƙori.

"Wannan sai a zubi na gaba."

Maigida ya matso gaba. Ya ciro wayarsa, ya kira Auta, ya buɗe murya, ya kara ta a bakin abin magana, ya manta lasifika na kunne. Muryar Auta ta cika rumfa, da kukan jariri a bayanta.

"Baba, lafiya? Tun shekaranjiya ake turo mini saƙo wai rawanina ya shirya."

"Baffanki ne ya sabunta shafi."

Jaririn ma kamar ya saurara.

"Baffa yana kusa?"

"Ina ji, 'yata," in ji Sha-Yanzu. "Ya jego? Ƙananan gyare-gyare ne kawai suka rage."

"Me ka goge?"

"Masu ƙorafi."

"Su nawa?"

"Duka."

Ta ja numfashi, rumfa gaba ɗaya ta ji. "Ba komai. Ina da kwafin tsohon a kwamfutata, yanzu zan mayar da shi yadda yake. Sabuntawa kuma in na dawo zan yi ta a gefe, a hankali. Kayan mutane fa?"

"Baffanki zai bi gida-gida ya mayar wa kowa nasa," in ji Maigida. "A ƙafa. Kuma zai kai Hedimasta wurin tela."

Aka ji ƙarar maɓallan kwamfuta ta lasifika. Sai ta tsaya.

"Baffa, kalmar sirrin da na sa ba ta shiga."

"Na canja ta. Saboda tsaro."

"To faɗa mini sabuwar."

Sha-Yanzu ya dubi jama'a. Jama'a suka dube shi. Ya sunkuya kusa da wayar ya yi raɗa.

"Ban ji ba, Baffa, yaron nan na kuka."

Ya sake raɗawa.

"Ɗaga murya," in ji Maigida.

"Yaya, sirri ce."

"Tabon wandon mutane ma sirri ne. Faɗa."

Sha-Yanzu ya yi gyaran murya, ya dubi rufin rumfa, ya ce cikin lasifika, "Ni ne gagarabadau uban kwamfuta."

Ba wanda ya yi dariya. Mai Aski ya cusa tawul guda a baki. Mahauci ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Hedimasta ya gyaɗa kai a hankali kamar mai duba jarrabawa.

"A haɗe ko a rarrabe?" in ji Auta.

"A haɗe."

"Da manyan baƙaƙe ko ƙanana?"

Ya sunkuyar da kai. "Da manya. Duka da manya."

Maɓallai suka yi ƙara. Farin ƙyallen ya ƙifta, sai ga tsohon shafi ya dawo, da hoton injin wanki, da wurin dannawa, da kwanan watan yau. Jama'a suka ɓarke da tafi.

Sha-Yanzu ya dafa ƙirji, ya ɗan rusuna, ya karɓa.